Kafin Ku Ƙetare Gulbin Rima

'Ya'yana, samari da 'yan mata, na lura a 'yan shekarun nan sha'awar fita shan iska ta kama ku. Da an yi hutun makaranta ko na Sallah, sai ku haɗa kuɗi, ku biyar ko ku shida, ku ce za ku je wani wuri ku kwana biyu ku huta, ku ɗauko hotuna. Wayoyinku sun nuna muku Zanzibar da sauran tsibiran teku masu farin rairayi, ranku kuwa ya biya. Ban ga laifinku ba, don duk wanda ya tashi a ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu, dole ruwa ya ja hankalinsa. Ina so ku sani cewa a nan gabashin Sakkwato ma, tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, akwai tungaye da ƙauyukan da ruwa ke kewayewa, waɗanda a wasu watanni ba a isa gare su sai da kwale-kwale, kuma sun cancanci a je a gan su. Sai dai zuwa can ba tafiyar da mutum zai zauna a ɗakinsa ya tsara ta da waya ba ce. Ruwa ne ke yanka maka lokaci, mutanen wurin ne ke ba ka hanya, kuma wanda bai yarda da waɗannan biyun ba, gara ya zauna gida.

Ku fara da sanin gulbin kansa. Rima ba daga wuri ɗaya take samun ruwa ba. Akwai Bunsuru da Gagare masu gangarowa daga ƙasashen Katsina da Zamfara, akwai kuma Gulbin Maraɗi wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya shiga Jamhuriyar Nijar, sannan ya dawo Nijeriya ta wajen Sabon Birni. Duk wannan ruwa yana taruwa a madatsar Goronyo, kusa da ƙauyen Keta, wadda aka kammala gininta a 1984, mai iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Daga nan ake sakinsa ya bi ta Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birni, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. Rabah kuwa tana bakin Gulbin Sakkwato ne, wanda ke zuwa daga wajen Gusau ya bi ta madatsar Bakolori. Abin da ya sa na jera muku waɗannan sunaye shi ne ku gane cewa gulbi na iya cika alhali ko ɗigon ruwan sama bai sauka a kanku ba. A yi ruwa mai ƙarfi a Ƙauran Namoda ko Maraɗi, ko a buɗe ƙofofin madatsa, sai ka ga mashigin da aka taka da ƙafa jiya ya fi ƙarfin dogon mutum yau. A watan Satumba na 2010 madatsar Goronyo ta cika ta batse, ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki masu yawa a kwarin Rima, har ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A ranin 2018 kuma ruwan madatsar ya janye har hukumar da ke kula da ita ta ce bai fi kashi 10 cikin 100 ya rage ba. Wuri ɗaya ne, amma wanda ya gan shi a waɗannan shekaru biyu zai rantse ƙasa biyu ya gani.

Saboda haka lokacin zuwa shi ne abu na farko. Agusta da Satumba su ne watannin da fadama ta fi kyan gani, kore shar, ruwa ko'ina, kuma su ne watannin da nake roƙonku kada ku je. A lokacin gulbi na gudu da ƙarfi, yana ɗauke da itace da ciyawa, hadari na haɗuwa cikin ɗan lokaci, hanyoyin ƙauye sun zama taɓo. Mutanen da ke ƙetarewa a lokacin larura ce ta fito da su, ko kasuwa, ko asibiti, ko gona. Ku da babu abin da ya kore ku, ku jira bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu. Ruwa ya kwanta amma bai ƙafe ba, an fara noman rani, albasa da tafarnuwa da alkama sun fito a fangali, tsuntsaye sun cika tafkuna: balbela, zalɓe, kirinjijiya, wani lokaci har da dinya. Ku riƙe rigar sanyi mai kauri, domin sanyin hunturu a bakin ruwa da asuba ya fi wanda kuka sani a cikin gari nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ne wanda zuciyata ke nauyi in faɗa, amma ɓoye shi cin amana ne. Yankin nan yana fama da 'yan bindiga. A watan Yuli na 2018 aka kai hari Tabanni a ƙasar Rabah, mutane suka gudu suka taru a Gandi. A ranar 17 ga Oktoba 2021 aka afka wa kasuwar Goronyo, aka kashe mutum sama da 40. A shekarar nan ta 2021 ne gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo. Akwai ƙauyukan da kwale-kwale ya zama musu abin gudun tsira. Lamarin kuma ba ya zama wuri ɗaya, hanyar da ke lafiya wannan wata tana iya lalacewa wata mai zuwa, don haka babu wata taswira ko wani bidiyo da zai gaya muku gaskiyar yau. Mai gaya muku shi ne wanda ya kwana a wurin daren jiya. Da ɗan gari akan ci gari. Kada ku taɓa tashi sai kuna da mai masauki, mutumin da iyayenku suka san shi ko suka san wanda ya san shi: abokin karatunku ɗan Wurno, ko ɗan'uwan mahaifiya da ke noma a Falaliya, ko malamin makaranta da aka tura can. Ku kira shi ana saura mako, ku sake kiransa daren tafiya. In ya ce ku dakata, magana ta ƙare, ko da kun riga kun biya kuɗin mota. Kada kuma ku sanar da duniya a Facebook ko TikTok inda za ku kwana. Hotuna ba sa ruɓewa, ku ajiye su sai kun dawo.

Daga Sakkwato hanyar ta bi ta Acida, mai babbar kasuwar dabbobi, kafin a kai mararrabar Wurno, sannan Goronyo. Ku fita da sassafe, ku shiga mota a tasha inda 'yan ƙungiya suka san direba, ku bar tsayar da mota a bakin titi don neman sauƙin naira ɗari biyu. In kuna da sarari, ina ba ku shawara ku tsaya a Wurno ko da na rabin yini ne. Garin yana kan tudu, kana tsaye kana hango fadama shimfiɗe a ƙasa, kuma da ka hango ta za ka gane dalilin da ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaɓi wurin ya yi ribaɗi. A nan ya zauna ƙarshen rayuwarsa, a nan ya rasu a 1837, hubbarensa yana nan ana ziyarta. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya yi zamansa, kuma a zamaninsa ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a garin a 1853. Bello mutum ne mai sha'awar sanin ƙasa da hanyoyinta da gulabenta. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya zo wurinsa a 1824 yana neman sanin inda Kwara ta nufa, ya koma gida da taswirar da aka zana masa a fadar Bello, aka kuma buga ta a Landan. Yakan ba ni takaici in ga yaro ya iya lissafa biranen Turai goma, amma bai taɓa taka Wurno ba, alhali tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce daga ƙofar gidansu. Haka Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, inda ya yi hakimci daga 1934 kafin a tura shi Gusau a 1938. Ya tashi a bakin gulbi, cikin manoman fadama da masunta.

Yanzu mu zo bakin ruwa, inda nake so ku fi ba ni hankalinku.

A ranar Lahadi 17 ga Agusta 2025 wani jirgi ɗauke da mutum sama da 50 masu zuwa cin kasuwar Goronyo ya kife a Kojiyo. A watan Afrilu na 2022 mutum 29 suka rasu a haɗarin jirgi a Gidan Magana ta ƙasar Shagari, yawancinsu yara da matasa. A ƙarshen Nuwamba na 2021, a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, jirgin da ya taso daga Badau ya nutse da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aka rasa rai aƙalla 29. Allah Ya ji ƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. In kuka bi labarin irin waɗannan haɗurra za ku tarar abu ɗaya ke maimaituwa: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, babu rigar kariya, da gaggawar a ƙetare kafin duhu. Babu ɗaya daga cikinsu da fasinja ba zai iya gani da idonsa ba tun yana kan gaɓa.

To, ku duba. Bayan an gama lodi, ku dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa. In ba ta kai taƙi ɗaya ba, kada ku shiga, in kuma kun riga kun shiga ku fito. Ku leƙa cikin jirgin, ɗan ruwa a ƙasa ba abin tsoro ba ne, kowane kwale-kwalen katako yana ɗan tsatsa, amma in kun ga yaro yana ta kwarfewa ba hutawa tun ba a tashi ba, jirgin yana yoyo. In mai inji ne, ku tambaya ko akwai filafili da gora a ciki, domin inji na mutuwa a tsakiyar gulbi. Kada ku haɗa jirgi da babura da buhunan albasa da dabbobi. Saniya ko raƙumi ɗaya ya firgita ya motsa, ya isa ya juya jirgi. Wannan ya sa nake cewa ku guji ƙetarawa ranar kasuwa, musamman da yamma sa'ad da kowa ke son komawa gida da kayansa a fito na ƙarshe. Tun da ku ƙungiya ce, ku haɗa kuɗi ku yi shatar jirgi ku kaɗai. Zai fi tsada, amma cikin kuɗin tafiyarku duka babu wanda ya fi wannan amfani.

Abin da na fi ji muku tsoro shi ne kunya. Na san halin matashi. Ya ga jirgi ya cika, zuciyarsa ta gaya masa kada ya shiga, amma ga tsofaffi mata sun zauna ba su ce komai ba, ga abokai na kallonsa, ga mai fito na cewa, "Haba ɗan birni, shigo mana, kullum haka muke yi." Sai ya shiga don kada a ce matsoraci ne. Ku saurare ni da kyau, waɗannan tsofaffin ba don sun amince da jirgin suka yi shiru ba, ba su da wani ne. Kai kana da zaɓi. Ka ce, "Baba, yi haƙuri, zan jira na baya," ka koma gefe ka zauna. Ba za ka rasa komai ba sai awa ɗaya, wataƙila ma fitarka ta rage wa jirgin nauyin da zai kai sauran lafiya.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa rigar kariya, ta kuma hana tafiyar dare a kan ruwa. A mashigai da yawa ba za ku tarar da rigar ba, saboda haka ku nemi taku tun daga gari, ku sa ta, ku ɗaure igiyoyinta kafin ku taka jirgi. Rigar da ke cikin jaka ba ta ceton kowa. Wanda ya iya iyo ma ya sa, domin iyon kududdufi daban, iyo a ruwa mai gudu da tufafi a jiki, mutum uku na riƙe da wuyanka, daban. 'Yan matana, ku musamman, zani da dogon hijabi in sun jiƙe suna nauyi, suna naɗe ƙafa da hannu. Ku sa wando mai kauri a ciki, ku zaɓi hijabin da bai wuce gwiwa ba, ku ɗaura rigar kariyar a kansa. Sutura ta cika, kuma an kiyaye rai. A cikin jirgi kowa ya zauna inda matuƙi ya nuna masa. Ba a miƙewa tsaye don ɗaukar hoto, ba a taruwa gefe ɗaya don kallon wani abu. Ku yi addu'ar hawa abin hawa, ku bar matuƙi ya yi aikinsa, shi ya san inda kututture yake a ƙarƙashin ruwa da inda ruwa ke juyi.

Kusan kowane gari na bakin gulbi yana da Sarkin Ruwa, shugaban masunta da masu fito. Ku sa mai masaukinku ya kai ku ku gaishe shi. Shi ya san jirgin wa ke da lafiya, wane matuƙi ne mai hankali, kuma in wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, mutanensa ne masu fara shiga ruwa nema tun kafin wata hukuma ta iso daga birni.

Da kun sauka a ƙetare, gidan maigari za ku fara zuwa. Ku tuɓe takalma, ku durƙusa, ku ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne, mun zo ganin gari." A lokacin da ake ciki, baƙuwar fuska da ke yawo a ƙauye ba tare da an san da ita ba tana tayar da hankalin mutane, kuma suna da hujja. Ku riƙe tsaraba daidai ƙarfinku: goro, sukari, ganyen shayi, sabulu. Ba a biyan kuɗin kwana a irin waɗannan wurare, kuma miƙa wa dattijo kuɗi a bainar jama'a don ya saukar da ku cin fuska ne. Sai dai ku tuna tuwon da aka kawo muku daga rumbun da ba lallai ya kai damina ba aka ɗebo shi. Ku taho da shinkafarku da mai da kayan miya ku ba uwargida, ku ce, "Inna, ga wannan a ƙara a tukunya." In za ku tafi, ku damƙa wa mai masauki abin da ya sauwaƙa a keɓe, ku ce a saya wa yara wani abu.

Zagayawa a can da ƙafa ne, ko babur in tudun na da faɗi, ko ƙaramin kwale-kwalen masunci. Ku bi turba, kada ku ratsa fangali, domin taku ɗaya a kan bakin fangali na iya fasa shi, ruwan da manomi ya sayi fetur ya jawo da inji ya tsiyaye. In kun ga taru ko mali ko mamari a ruwa, kada ku taɓa, dukiyar wani ce. Ku tashi da asuba ku ga dawowar masunta da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, ku saya a hannunsu, kada ku yi ta ja-in-ja a kan ɗan abin da a birni ba ya sayen katin waya. Ku zauna da manomin tafarnuwa ku tambaye shi wata nawa take yi a ƙasa, yaya yake adana ta, wa ke saye, ina ake kai ta. Za ku ji sunayen kasuwannin Kudu da na ƙetaren iyaka daga bakin mutumin da wataƙila bai taɓa shiga aji ba. Wannan hira ita ce ribar tafiyar, ta fi hoto. Hoton ma, kada ku ɗauki mace ko cikin gidan mutum ko yaro marar riga sai da izini, kuma kada ku mai da talaucin mutanen da suka karrama ku abin nunawa a intanet.

Ga lafiyar jiki. Ruwan da ke kwance a tafki da magudanan ban-ruwa yana ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Ƙwayarta na fitowa daga jikin wasu ƙananan dodon-koɗi, ta huda fata ta shiga, ko da mutum bai sha ruwan ba. Wanka ko wasa a cikinsa ya isa. Saboda haka ku yi wanka da ruwan rijiya ko na burtsatse, in kuma wani ya shiga tafki, bayan wasu makonni ya ga jini a fitsari ko zazzaɓi, ya je asibiti ya faɗi inda ya je, akwai maganinta mai suna praziquantel. Ruwan sha ku taho da naku ko ku tafasa. Kowa ya riƙe gidan sauronsa, don sauron fadama bai san hunturu ba. Mai ciwon asma ko sikila ko wani ciwo mai tasowa ba shiri ya yi tunani sosai kafin ya kwana inda ruwa ya raba shi da asibiti. Ku riƙe kuɗi a hannu, ƙanana, don ba lallai ku sami mai POS ko sabis ba, ga tocila, ga abin cajin waya, ga leda mai kauri ta naɗe su.

Wanda ransa ke son tsibiri na dindindin, mai ruwa rani da damina, sai ya nufi Yawuri a Jihar Kebbi, inda Gungawa suka daɗe suna zaune a gungayen Kwara suna noma da kamun kifi. Yawancin tsofaffin gungayen, har da babban tsibirin Foge, ruwa ya shanye su bayan an kammala madatsar Kainji a 1968, aka tayar da dubban mutane aka sake musu matsuguni. Ruwan can ya fi namu faɗi da zurfi ƙwarai, akwai dorina, kuma a kansa ne aka yi mummunan haɗarin jirgin ruwa na Wara a watan Mayu na 2021. Duk abin da na faɗa a kan Rima, a can sai a ninka shi.

Saura dawowa, wadda matasa suka fi sakaci da ita. Tun ranar da aka ƙetare da ku, ku yi magana da mai jirgin a gaban mai masaukinku, ku tsayar da rana da lokacin da zai zo ɗaukarku, ku bar rabin kuɗinsa sai ya dawo da ku. Ku sa lokacin da safe, bayan hazo ya ɗaga, yadda za ku kama mota ku shiga Sakkwato kafin la'asar, don hanyar nan ba ta dare ba ce. Kada ku sa ranar dawowa ta zama jajibirin jarrabawa ko na komawa aiki, domin mai irin wannan matsi shi ne ke shiga jirgin da bai kamata ba. In kun wayi gari iska na kaɗawa, matuƙi ya dubi ruwa ya ce a bari sai gobe, ku kwance jakunkunanku ku ƙara kwana. Tun kafin ku bar gida ku ba iyayenku lambar mai masaukinku, ku kuma gaya musu cewa kwanan na iya ƙaruwa da ɗaya, don kada hankalinsu ya tashi su riƙa kira suna matsa muku ku taso.